Zanen da Abba Ya Yi da Hagu

Lugbe, Abuja
12 ga Maris, 2006

Zuwa ga Goggo Mashkura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da aikinki. Ya sanyin ƙasar Jamus? Mu nan zafi ya kankama. Umma tana gaishe ki.

Ni ce Nazeefa, 'yar yayanki Badamasi. Rabonki da ni ina aji ɗaya na sakandare, ina ɓuya bayan labule idan kin shigo. Yanzu ina aji biyar, ajin kimiyya. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba.

Jikin Abba da sauƙi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi bayan Babbar Sallah, hannunsa na dama ba ya riƙe biro, maganarsa kuma sai an kasa kunne. Kin ga ranar da kika bugo waya ba ki gane abin da yake cewa ba, kuma hakan ya ɓata masa rai. A gidan ni na fi gane maganarsa, shi ya sa ya ce in zama hannunsa. Ya ce in rubuta da Hausa, wai Turancin makaranta ya ishe ni.

Saƙonsa gajere ne: "Ina aka kwana a ginin?"

Goggo, ni na ɗauka gida kike ginawa a can. Da na faɗi haka Umma ta yi ta dariya, Abba ma ya yi da rabin bakinsa. Sai ya sa na ɗauko masa wata tsohuwar mujallar kimiyya, ya nuna mini wani zane mai zobba haɗe da juna kamar saƙar zuma. Ya ce wani sinadari ne da ya tsamo daga saiwar wani tsiro da matan Gbagyi ke dafawa don zazzaɓi, a shekarar da aka haife ni, lokacin yana sabon shiga cibiyar bincike. Ba wanda ya taɓa ganin sa kafin shi. Shi ya gano yadda ƙirarsa take, ya zana, ya sa masa suna nazifin. Wallahi ban san da wannan ba sai ranar. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ya ce ke ce kike gina wannan zane a ɗakin gwaji, ba tare da tsiron ba, kuma idan kin gama za a tabbatar ya zana daidai. Ban gane yadda ake gina abin da ido ba ya gani ba, amma na gane cewa shi yake jira. Ba ya tambayar likita yaushe zai tashi. Wannan kawai yake tambaya.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Nazeefa Badamasi

*

Jamus
20 ga Afrilu, 2006

Nazeefa 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sanyi ya fara ja baya. Takardarki ta faranta mini rai. Ashe 'yar bayan labule ta iya magana! Ki gaishe da Umma, ki yi wa Yaya sannu, ki riƙe hannunsa na hagu a madadina.

Bari in yi miki bayani yadda ya yi mini ina kamar shekarunki, lokacin da ya ɗauko ni daga Yelwa ya sa ni makaranta.

Tsiro yana haɗa sinadarinsa a ɓoye. Mai bincike ya tsamo shi, ya sa a na'ura, na'ura ta fitar da takarda mai layuka kamar haƙoran matsefi, wasu dogaye wasu gajeru. Daga waɗannan layuka yake hasashen ƙirar abin, ya zana. Amma zane hasashe ne. Hanyar tabbatarwa ita ce wani ya ɗauki zanen, ya fara daga ƙananan sinadaran da ake saye a kwalba, ya riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan, yana liƙa wannan, yana rufe wancan zobe, har ya kai ga abin da aka zana. A kowane mataki ana asara. Na fara da abin da zai cika kwano, yanzu abin da ke hannuna bai kai ƙwayar gero ba. Shekara ta huɗu ke nan ina kai. Zobe na ƙarshe ya ƙi rufuwa tun bara, sai watan jiya ya yarda.

Ki gaya wa Yaya an kusa sa rufi.

Ga abin da nake buƙata. Idan na gama, zan sa nawa a na'ura, in sa na tsiro, in ɗora takarda kan takarda. In layukan sun hau kan juna, zane ya yi. Na'urar da Yaya ya samu a wancan zamani ba ta gani sosai, don haka tsohuwar takardarsa ba za ta wadatar ba. Ina buƙatar sinadarin kansa. Na san yana da saura a wata 'yar kwalba da aka toshe bakinta da wuta. Ki tambaye shi ko zai iya rabuwa da ita.

Ya karatu? Me kuke yi a darasin sinadarai yanzu? Ki rubuto, kada ki ji kunya.

Goggonki,
Mashkura

*

Lugbe
4 ga Yuni, 2006

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Damina ta sauka, hanyarmu ta zama taɓo saboda manyan motocin masu gini. Abba yana iya zama a kujera yanzu. Umma ta ce a gaishe ki.

Na karanta masa takardarki sau biyu. Da na zo wurin "an kusa sa rufi" ya ce in maimaita.

Ashe kwalbar ita ce wadda ke cikin gwangwanin madara a can ƙuryar firiji, wadda aka hana ni taɓawa tun ina ƙarama. Umma ta ce, "Alhamdu lillahi, za mu huta. Naman Sallah ya lalace a firijin nan bai ce uffan ba, amma da an ɗauke wuta sai a sayo wa kwalba ƙanƙara."

Abba bai amsa da wuri ba. Sai da ya sa aka kira Mista Zacharias, wanda suka yi aiki tare a ɗakin gwaji, ya ce ya je ya dubo ko tsiron yana nan a gindin dutsen da suke haƙowa, ta wajen Kuchigoro. Mista Zacharias ya dawo da yamma, takalminsa duk jar ƙasa. Ya ce, "Oga, babu dutse ma. Katafila ya cinye shi. Gidaje ne kawai, duka fenti ɗaya. Na tambayi wani mama, ta ce tun da aka tashe su ba ta ƙara ganin ganyen ba." Ya ce ya zaga har wajen Gwagwalada bai samu ba.

Wato abin da ke cikin kwalbar shi ne ya rage.

Abba ya riƙe ta a tafin hannunsa ya daɗe. Ni ban ga komai a ciki ba sai ɗan gari mai ruwan ɗorawa da ya manne a gindi. Mista Zacharias ya ce, "Oga, bar shi ya tafi. Wannan kwalba ya girmi motana, ya kamata ya ga duniya." Abba ya yi murmushi ya miƙa.

Wani likita abokinsa zai zo taro ƙasarku ranar Laraba, shi zai kawo miki da takardun izini. Abba ya ce ki yi amfani da kaɗan.

A makaranta muna kan zobe mai gefe shida. Na gaya wa malaminmu ina da goggo mai gina irinsu, amma da ya ce in tashi in yi wa aji bayani na kasa.

'Yarki,
Nazeefa

*

Lugbe
15 ga Oktoba, 2006

Goggo,

Assalamu alaikum. Ya azumi? Da fatan kina lafiya. Mu muna nan, Abba da sauƙi, sai dai ba ya cin abinci sosai.

Tun saƙon da kika turo wa Umma a waya cewa kwalba ta iso, ba mu ƙara jin komai ba. Na rubuto a watan Agusta, ban sani ba ko ta same ki. Idan na faɗi wani abu da bai dace ba a takarduna, ki yafe mini, ban saba ba ne.

Duk Juma'a Mista Zacharias yana duba mana akwatin gidan waya. Abba ya san ƙarar motarsa. Da ya ji ta sai ya gyara zama ya sa tabarau.

Ko layi biyu ne, Goggo.

Nazeefa

*

Jamus
9 ga Nuwamba, 2006

Nazeefa,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ba ki yi laifin komai ba. Takardunki duka sun zo, ni ce na kasa amsawa.

Na gama ginin tun watan Yuli. Na sa nawa a na'ura, na sa na Yaya. Ba su hau kan juna ba.

Yawancin layukan sun dace, amma a wuri guda sun rabu, rabuwar da ba ta da magani. Na ce ƙila ni na yi kuskure, na koma baya na sake rabin aikin. Na ce ƙila abin kwalbar ya lalace da daɗewa, na duba, lafiyarsa lau, Yaya ya adana shi da kyau. A ƙarshe na samu nawa ya daskare ya zama ƙanƙara-ƙanƙara kamar gishiri, aka ɗauki hotonsa da wata na'ura da ba ta barin shakka. Abin da na gina shi ne ainihin abin da Yaya ya zana. Amma ba shi ne abin da ke cikin tsiron ba.

Ma'ana, akwai kuskure a zanen.

Wannan yana faruwa, har ga manyan malamai masu na'urori na zamani. Sinadarin yana nan, shi ya gano shi, sunan ma yana nan, ba mai canza shi. Zanen ne za a gyara. Sai dai ban san gyaran ba tukuna. Na zana abubuwa da yawa, babu wanda ya zauna.

Na ɗauki waya ban san sau nawa ba, in ajiye. Ba na son ya ji wannan ta waya, yana son yin tambaya bakinsa ya ƙi. Ke kike kusa, ke kika san ranar da yake da ƙarfi. Ki bi shi a hankali, kada a ɗaga masa hankali. Ki yi shawara da Umma.

Na ɗora miki abin da ya fi ƙarfin shekarunki. Ki gafarce ni.

Mashkura

*

Lugbe
10 ga Disamba, 2006

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Abba da sauƙi, sauƙi na gaske wannan karon, kuma shi ne abin da ke damuna.

Takardarki ta zo ranar Juma'a bayan la'asar. Na karɓa a ƙofa na karanta a tsaye, na shiga kicin na gaya wa Umma. Ta ce, "Ba a kai wa majinyaci irin wannan. Ita ma ai ta ce kada a ɗaga masa hankali." Amma ya riga ya ji motar. Da na shiga falo ya sa tabarau yana kallon ambulan ɗin da ke hannuna.

Ya ce, "Ya yi?"

Na kalli Umma. Ta girgiza kai kaɗan. Na yi niyyar in ce ana nan ana aiki. Wallahi abin da na yi niyya ke nan. Amma ya sake tambaya, sai na ji bakina ya ce, "Ya yi, Abba."

Goggo, ban taɓa ganin Abba yana kuka ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu yana hamdala. Mista Zacharias ya jefa hularsa sama ya ce, "Oga! Na faɗa maka! Wannan yarinya Mashkura ba ya wasa!" Kafin in yi wani abu ya fara buga wa mutanen ofis waya. Washegari Abba ya sa Umma ta yi waina aka kai masallaci sadaka. Ya cinye tuwonsa tas. Ya yarda mai gashin ƙashi ya tsayar da shi, ya taka har bakin ƙofa. Umma ta ce mini, "Kin gani? Wannan maganin ya fi na asibiti." Na fara tunanin ko daidai na yi.

Sai ranar Litinin na dawo daga makaranta ya kira ni. Ya ce, "Takardun." Na ce waɗanne? Ya ce na na'ura, na Goggo da nasa, yana son ya ɗora su da kansa. Na ce ai ta riga ta duba. Ya daɗe yana haɗa maganar, amma ta fito sarai: "Mai wannan aiki ba ya jin 'ya yi' da kunne. Da ido yake ji." Ya ce in karanta masa wasiƙar, na ce na manta ta a makaranta. Kullum yanzu sai ya tambaya ko na rubuta miki.

Ga roƙona, kuma na san ba ƙarami ba ne. Ki buga takardar abin kwalbarsa sau biyu, ki rubuta sunanki a kan ɗaya. Za su hau kan juna. Ba mujalla za a kai ba, ba wanda zai gani sai shi. Likita ya gaya wa Umma zuciyarsa ta yi rauni, ciwon zai iya dawowa kowane lokaci. Me zai rage a duniya idan ya tafi yana murna?

Don Allah, Goggo. Ni na ɓata, amma ke kaɗai za ki iya rufawa.

'Yarki,
Nazeefa

*

Jamus
8 ga Janairu, 2007

Nazeefa 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na yi murna da jin Yaya ya taka ƙasa. Ki gaishe da Umma.

Da na ce kada a ɗaga masa hankali, ina nufin a zaɓi lokaci, ba a ɓoye ba. Amma ni na rubuta maganar a dunƙule don ina tsoron faɗin ta a fili, na bar ki da ita a gaban idonsa. Ba na ganin laifinki.

Abin da kika roƙa ba zan yi ba. Na kwana biyu ina juya shi, kada ki ɗauka da sauƙi na ƙi.

Na farko, ba zai yi aiki ba. Abin da aka tsamo daga saiwa yana ɗauke da ɗan datti nasa, kuma dattin yana fitowa a takarda, ƙananan layuka a ƙasa. Yaya ya san dattin kwalbarsa kamar yadda Umma ta san tabon tukunyarta. Idan ya gan shi a takardar da aka ce tawa ce, zai gane nan take. Ranar zai rasa zanensa, ya rasa ƙanwarsa.

Na biyu, shi ya koya mini kada in rubuta abin da ban gani ba. Ba shi da gida a Maitama, ba shi da kujera a ma'aikata. Abokan karatunsa sun samu waɗannan, shi wannan ya riƙe. Idan na aika masa takardar ƙarya, na ɗauke shi kamar wanda ya riga ya gama, sai lallashi. Bakinsa ne ya shanye, Nazeefa, kansa yana nan.

Ga takardun gaskiya guda biyu a cikin wannan ambulan, na buga su a takarda mai shara-shara don ya iya ɗorawa. Ba sai kin ce komai ba. Ki miƙa masa kawai, ki zauna kusa.

Idan kin ga ba za ki iya ba, ki ajiye. Ba zan tambaye ki ba.

Goggonki

*

Lugbe
18 ga Maris, 2007

Goggo,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Abba, ya sa ya huta. Mun gode da kiran da kike yi. Umma tana cikin takaba, jikinta lafiya, sai dai ba ta son zama a falo. Baƙi sun ragu, 'yan Yelwa sun koma.

A waya kin tambayi Umma ko ya ga takardun, ta ce ki tambaye ni. Ga yadda aka yi.

Na ji haushinki da takardarki ta zo, ki yafe mini. Na sa ambulan ɗin a jakar makaranta ina yawo da shi. Na gaya wa Abba bai iso ba. Sai ya koma sauraron motar Mista Zacharias, ya fara rage cin abinci kuma. Wata ranar Asabar da safe na ji yana ce wa Umma, "Ko Mashkura ta manta da ni?" Wannan ne na kasa ɗauka.

Na tura kujerarsa bakin taga, na miƙa masa. Hannu ɗaya ba ya iya riƙe biyu, don haka ni na ɗora su a jikin gilashi, rana tana ratsa su, shi yana gyara gefen da yatsa har suka daidaita. Ya fara daga hagu yana bi a hankali. Yana gyaɗa kai. Da ya zo tsakiya sai yatsan ya tsaya.

Ni ma na gani. Layi biyu a tsaye kusa da juna, kowanne a wurinsa daban.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Hannuwana suka gaji, hawaye yana zuba, ba halin in share. Ya juyo ya kalle ni ta saman tabarau. Na jira ya tambaye ni don me na yi masa ƙarya. Sai ya ce, "Ɗaga sama kaɗan. Kina karkatarwa."

Can ya ce, "Fensir."

Umma ta shigo ta gan mu, ta gane, ta ce, "Nazeefa, me kika yi?" Abba ya ɗaga mata hannu, bai ko juya ba.

Daga ranar bai ƙara sauraron mota ba. Na manna masa farar takarda a kan tire don kada ta zame, yana zane da hagu. Da farko ko zobe ba ya rufuwa, fensir ya tafi inda ya ga dama. Ya yi fushi ya jefar, in ɗauko. Ya sa na ɗauko tsofaffin littattafansa ina buɗe masa shafi. Wani lokaci ya yi shiru ido a rufe, in ɗauka barci yake, sai ya ce, "A'a. Goge." Ba zan ce yana murna ba, Goggo. Ranar farko bai ci komai ba. Da Mista Zacharias ya zo, Abba da kansa ya ce masa, "Bai yi ba. Gaya musu." Mista Zacharias ya cire hula ya zauna. Amma ban taɓa ganin Abba a farke kamar waɗannan makonni ba tun da ya kwanta.

Ranar Alhamis ta ƙarshe ya gama wannan zanen da na sa miki a cikin ambulan. Ya nuna zoben da ke ƙasa ya ce, "Gefe biyar ne, ba shida ba." Ya ce in aika miki, in ce ki gwada. Ranar Lahadi da hantsi ciwon ya dawo. Kafin mu kai asibiti a Gwagwalada ya cika.

Umma ba ta ce ni na jawo ba. Ni ce nake tambayar kaina. Har ya rasu bai taɓa ta da maganar abin da na gaya masa ba, ni kuma ban samu bakin neman gafara ba. Kullum ina cewa sai ya gama zanen.

Ki kula da takardar, ita kaɗai ce. Ban kwafa ba, ina tsoron in ɓata.

'Yarki,
Nazeefa

*

Jamus
22 ga Afrilu, 2007

Nazeefa 'yata,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya gafarta wa Yaya, ya haskaka makwancinsa. Ki ce wa Umma ina nan tafe da zarar an ba ni hutu. Ya shirin jarrabawa?

Ba ke kika jawo ba. Likita ya faɗa tun kafin takarduna su zo. Ki riƙe wannan.

Na shimfiɗa zanen a kan teburina na gwada shi da kowane layi na takardar na'ura. Ya zauna. Wurin da suka rabu, zobe mai gefe biyar ya bayyana shi. Na yi watanni ina kallon wurin nan da hannu biyu da na'ura mai tsada ban gani ba. Sai na gina kafin in ce ya yi, kin san ƙa'idar, amma zuciyata ta kwanta da shi.

Tambaya ɗaya gare ni. A gefen sabon zoben akwai ɗan reshe. A aikinmu, idan reshe ya taso wajen mai kallo, ana zana shi da layi mai kauri a cike. Idan ya koma baya, ana zana shi da gajerun layuka a jere, tsinke-tsinke. Abubuwa biyu ne daban, kowanne da hanyar gininsa, kowace hanya za ta ci fiye da shekara. Abin da ya rage a kwalba kuma kaɗan ne ƙwarai.

A wurin nan hannun Yaya ya yi rawa. Ban iya gane ko cikewa yake yi fensir yana tsallakewa ba, ko tsinke-tsinke yake yi suka haɗe. Na duba da gilashin ƙara girma, na nuna wa malamina, mun kasa.

Kina wurin lokacin da ya ja shi. Ki tuna a hankali. Ya riƙa ɗaga fensirin yana saukewa, ko gogawa yake yi wuri ɗaya? Ya ce wani abu?

Goggonki,
Mashkura

*

Lugbe
13 ga Mayu, 2007

Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Umma tana gaishe ki. Mun fara jarrabawa, ranar Talata za mu shiga ɗakin gwaji.

Tun da takardarki ta zo nake ƙoƙarin tunawa. Na zauna a inda na zauna ranar, na ɗora tiren a kan kujerarsa. Na tuna ina riƙe da gefen tiren. Na tuna ƙarar injin masu gini a bayan gidanmu. Na tuna ya cije leɓensa, gumi ya taru a goshinsa, tabarau ya zamo har kan hancinsa, kuma da ya gama ya yi ajiyar zuciya ya jingina.

Jiya har na ɗauki biro zan rubuta miki cewa cikewa yake yi, don in rage miki shekara guda, don kuma in zama na yi wani amfani. Na ajiye.

Ban sani ba, Goggo. Ban ga hannunsa ba. Fuskarsa nake kallo, ina jira ya ɗago in ce ya yafe mini.

Ki gina duka biyun.

'Yarki,
Nazeefa Badamasi